Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kamfanonin Wasannin Harbi na Kyauta Kan Sayar da Fifiko a Fagen Wasa

Zuwa ga shugabanni, masu tsara wasa da masu kula da harkar ciniki a kamfanonin da ke fitar da wasannin harbi na kyauta,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto muku ne a matsayina na mutumin da ya shafe shekaru yana buga wasanninku a waya da kwamfuta, wanda ya san daɗin da ke cikinsu, har ya ƙulla abota ta dalilinsu da mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Ba na cikin masu kallon wasan bidiyo a matsayin ɓata lokaci, kuma ribar da kuke samu ba ta tsone mini ido. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, wato ɗabi'ar sayar wa ɗan wasa abin da zai fifita shi a kan abokin karawarsa: bindigar da ta fi ta kowa illa, harsashin da ke huda sulke, ko jarumin da ke da wata baiwa wadda mai kuɗi ne kaɗai zai same ta da wuri. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma ina so in kawo hujjata dalla-dalla, domin na lura yawancin masu ƙorafi fushi kawai suke nunawa, ku kuma kun riƙe amsa guda, cewa wasan kyauta ne kuma ba a tilasta wa kowa sayen komai ba.

Ya kamata in fara da ba ku haƙƙinku. Wasan da ake saukewa ba tare da an biya komai ba, dole wani ne ke ɗauke da nauyinsa. Akwai manyan kwamfutocin da ke riƙe da miliyoyin 'yan wasa dare da rana, akwai albashin masu zane da masu rubuta manhaja, akwai yaƙin da ba ya ƙarewa da masu maguɗi, sannan shagunan manhaja na Apple da Google sun daɗe suna yankar kashi 30 cikin ɗari na cinikin da manyan kamfanoni ke yi a cikin wasannin waya. Na kuma san irin ƙofar da wannan tsari ya buɗe. A da, mai son sabon wasan harbi sai ya tanadi kusan dala 60, ban da kuɗin na'urar da zai buga a kai. Tun da kamfanin Valve ya mayar da Team Fortress 2 kyauta a 2011, balle bayan fitowar Fortnite da Free Fire a 2017, PUBG Mobile a 2018, Apex Legends da Call of Duty: Mobile a 2019, da kuma Warzone da Valorant a 2020, duk mai waya ko kwamfuta da intanet ya samu damar shiga fage ɗaya da mutanen kowace nahiya. Wannan alheri ne, kuma ban musa ba cewa dole ku sayar da wani abu domin ya ɗore. Rigimata da ku a kan abin da ya halatta a sayar ne.

Wasan harbi ya bambanta da wasan gina birni ko na noman gona, inda wanda ya biya ya yi gaba ba ya rage wa kowa komai. A wasan harbi, duk nasarar da wani ya samu faɗuwar wani ce, kuma hukuncin yakan yanku ne cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Bari in kawo misali da lissafi mai sauƙi, domin a nan ne hujjarku ta cewa ƙarin ɗan kaɗan ne take rushewa. Mu ɗauka kowane ɗan wasa yana da makin rai 100, bindigar da kowa ke riƙe da ita kuma tana cire maki 24 a kowane harsashi, tana fitar da harsashi goma a cikin sakan ɗaya. Harsashi huɗu za su cire 96, saura 4, don haka sai na biyar ya shiga kafin mutum ya faɗi. Yanzu a sayar wa wani kwalliyar bindiga da ta ɗaga illar daga 24 zuwa 25. A takarda, ƙarin bai wuce kusan kashi 4 cikin ɗari ba, abin da kowane mai talla zai kira ƙanƙani. Amma a fage, harsashi huɗu sun ishe shi, lokacin da yake buƙata ya kayar da mutum ya sauko daga kashi 4 cikin 10 na sakan zuwa kashi 3 cikin 10, wato ya ragu da rubu'i guda. Idan aka tuna cewa tsakanin ganin ido da motsin yatsa ɗan Adam yakan ci kusan rubu'in sakan, za a gane cewa a duk lokacin da mutum biyu masu ƙwarewa ɗaya suka yi kiciɓis suka buɗe wuta tare, wanda ya biya ne zai tsaya da ƙafarsa. Masu tsara wasanninku sun fi ni sanin wannan lissafi, domin shi ne aikinsu na kullum lokacin da suke daidaita makamai.

Na ga yadda wannan lissafi ke sauka a kan mutum. Wata rana ina zaune kusa da ƙanena yana buga wani wasan waya irin na kowa-ta-kansa, da'irar da ke iyakance filin fafatawa ta matse har ya rage su biyu kacal. Duk abin da ya kamata ɗan wasa mai hankali ya yi, ya yi shi. Ya samu mafaka bayan bango, ya cika jininsa, wato makin ransa, ya ɗura harsashi, ya kasa kunne har ya ji takun abokin karawar ta hagu, sannan ya leƙa ya riga shi harbi. Na ga harsasansa suna shiga. Duk da haka shi ne ya faɗi. Da allon ya nuna wanda ya kayar da shi, sai ga bindiga mai walƙiya irin wadda ake samu a shagon wasan, da alamomin ƙari jere a gefen sunanta. Yaron ya ajiye wayar a cinyarsa ya ɗan yi shiru, sannan ya juyo ya ce, "Yaya, ni ne na yi kuskure, ko bindigarsa ce?" Na kasa ba shi amsa, kuma rashin amsar nan ce ta fi damuna fiye da faɗuwar. Mai koyon kowane irin wasa da shan kaye yake koyo. Yana faɗuwa, ya duba inda ya kuskure, ya gyara, gobe ya fi yau. Idan aka jefa masa shakka a kan musabbabin faɗuwarsa, an toshe masa hanyar koyo, an kuma cusa masa tunanin cewa maganin rauninsa yana cikin shago.

Shakkar nan ba ta bar wanda ya biya ba. Ni ma na taɓa sayen irin wannan makami, kuma na yi nasarori da shi a makonnin da suka biyo baya. Abin da na tarar shi ne, duk fafatawar da na ci da ƙyar, sai zuciyata ta tambaye ni ko da tsohuwar bindigata zan ci. Daɗin wasan gasa yana cikin sanin cewa hannunka da kanka ne suka kai ka, kuma wannan sanin ne na rasa a ranar da na biya.

Hujjar da kuka fi dogara da ita, cewa wanda bai biya ba bai da bakin magana tunda kyauta aka ba shi, tana mance wani abu da ku kanku kuka sani a ofisoshinku. A irin wannan kasuwanci, 'yan tsiraru ne ke kashe kuɗi, kuma a cikinsu ma kaso mafi tsoka yana fitowa ne daga wasu ƙalilan da masana'antar ke yi wa laƙabi da sunan dabbar nan mafi girma a teku, wato whale. To amma wasan da ke buƙatar mutum hamsin ko ɗari a kowane zagaye ba zai yiwu da waɗannan ƙalilan kaɗai ba. Masu buga kyauta su ne ke cika fage, su ne ke sa a samu abokan karawa cikin sakan talatin maimakon minti goma, su ne ke jawo abokansu, su ne ke kallon bidiyoyi suna yaɗa sunan wasan. Suna biya da lokacinsu, da kuɗin intanet ɗinsu, da kasancewarsu a wurin. Bindigar da ta fi ƙarfi kuwa ba ta da wata daraja sai idan akwai wanda za a harba da ita wanda ba ya riƙe da irinta, domin da kowa zai mallake ta, da babu wanda zai saya. Ke nan ainihin hajar da kuke sayarwa ita ce faɗuwar wanda bai biya ba. Kun ɗauki damarsa ta yin nasara, kun yanki wani ɓangare nata, kun miƙa wa wani a kan farashi, ba tare da kun nemi izininsa ba kuma ba tare da ya samu komai ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutum yana da ikon sayar da abin da ya mallaka, kuma zanen riga, fentin bindiga, rawar murna da kiɗan shiga fage duk aikin hannun ma'aikatanku ne, ku sa musu farashin da kuka ga dama. Daidaiton fage kuwa haƙƙin duk waɗanda suka shigo ne.

Akwai wata hujja da ta fi wannan nauyi, kuma na daɗe ina juya ta a raina. Ana cewa mutane iri biyu ne, mai lokaci da mai kuɗi. Ɗalibi yana iya buga awa biyar a rana har ya buɗe duk makamai da jarumai, shi kuwa ma'aikaci mai iyali da ƙyar yake samun awa ɗaya da dare, don haka ba laifi ba ne a bar shi ya biya ya cimma abin da wancan ya samu da zama. Na yarda akwai gaskiya a nan, domin ni ma yanzu na fi kusa da na biyun. Sai dai hujjar tana tsayawa ne idan sharuɗɗa biyu sun cika: abin da ake saya ya zama daidai da abin da ake samu da wasa, ba tare da ƙari ba, sannan tsawon hanyar kyauta ya kasance wanda mutum zai iya bi cikin hankali. Matsalar ita ce, ku ne ke auna tsawon hanyar, kuma ku ne ke sayar da gajeriyar. Wanda ke cin riba daga gajiyar matafiyi ba zai so hanya ta yi sauƙi ba. Shi ya sa ake ganin sabon jarumi ya fito da ƙarfin da ya wuce kima, masu kuɗi su same shi ranar farko su yi ta cin karensu babu babbaka, sai bayan makonni, daidai lokacin da masu buga kyauta suka tara abin buɗe shi, a fito da sabuntawa a rage masa ƙarfi da sunan daidaitawa, a kuma kawo wani sabo. A irin wannan tsari karin maganar nan ta tabbata a zahiri, cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Idan da gaske tausayin ma'aikacin nan ne ya dame ku, sai ku rage tsawon hanyar ga kowa da kowa.

Wasu kuma sukan ce ai daidaito dama babu shi, tunda wani yana da waya mai sauri da allon da ke sabunta hoto sau 120 a sakan, wani kuma tasa tana sarƙewa, wani intanet ɗinsa kamar walƙiya, wani kuma yana fama da jinkiri. Gaskiya ne, amma wannan bambanci daga wajen wasan ya shigo, kuma aikin mai tsara wasa nagari shi ne ya rage tasirinsa gwargwadon iko. Kasancewar ƙasa ba ta miƙe ba bai ba mai fili izinin ƙara tona rami a gefe ɗaya ba, balle ma da yake sau da yawa mai ƙaramar wayar nan shi ne dai wanda ba zai iya sayen bindigar ba, sai nauyi biyu ya haɗu a kansa.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne, tarihin masana'antarku ya riga ya amsa wannan tambaya sau da dama. A wasan tankokin yaƙi na World of Tanks, an daɗe harsasan da suka fi huda sulke ba sa samuwa sai da zinaren da ake saya da kuɗi, har 'yan wasa suka riƙa kiran su harsasan zinare. Daga baya kamfanin Wargaming ya bari a riƙa sayen su da kuɗin da ake tarawa a cikin wasa, kuma a 2013 ya fito fili ya sanar da cewa yana janyewa daga sayar da fifikon yaƙi. A Nuwamban 2017, kamfanin Electronic Arts ya shirya fitar da Star Wars Battlefront II, wanda ma ba kyauta ba ne, da akwatunan sa'a (waɗanda ake saye ba a san abin da ke cikinsu ba) masu ɗauke da katunan ƙara ƙarfi. Amsar da kamfanin ya bayar a dandalin Reddit don kare tsarin buɗe jarumai ta samu ƙuri'un ƙin amincewa sama da 600,000, adadin da ya shiga kundin tarihi na Guinness, kuma ana gab da fitowar wasan a hukumance aka rufe sayayyar gaba ɗaya. A 2018 aka sake gina tsarin, aka raba ƙarfi da kuɗi, aka bar kayan ado kawai a shago. Overwatch 2 ya fito kyauta a Oktoban 2022 da sababbin jarumai da mai biya ke samu nan take, wanda bai biya ba kuma sai ya hau matakai masu yawa, a wasan da gininsa ya dogara a kan sauya jarumi domin tunkarar na abokin gaba. A Afrilun 2024 kamfanin Blizzard ya buɗe dukkan jarumai ga kowa. Har a Free Fire, inda kwalliyar bindiga ke zuwa da alamomin ƙari da ragi a kan illa, saurin harbi ko nisan zango, ɗakunan wasa na musamman suna da maɓallin kashe wannan ƙari, kuma masu shirya gasa sukan kashe shi. Samuwar maɓallin nan kaɗai shaida ce, domin da ƙarin ba ya sauya sakamako, babu dalilin tanadar hanyar cire shi a lokacin da ake son a san gwani na gaskiya. Abin da ya dace da gasar da ake cin kyauta a cikinta ya dace da yaron da ke hawan matakan daraja a ɗakinsa.

Ba na cewa duk wani fifiko da ya ɓulla da gangan aka yi shi. A Warzone an samu wata baƙar shiga ta jarumar da ake kira Roze, wadda kwalliya ce kawai a niyya, amma duhunta ya sa mai sanye da ita yakan saje da lungu a cikin gini har a wuce shi ba a gani ba. Ƙorafi ya yi yawa, sai kamfanin Raven Software ya gyara ta a 2021 domin a riƙa ganinta. Wannan ya nuna cewa iyakar da ke tsakanin ado da fifiko tana buƙatar tsaro kullum. Launin tufafi, ƙarar takun sawu, tsabtar madubin saiti, har da hasken da ke fita daga bakin bindiga, duk suna iya zama makami idan aka yi sakaci.

Lamarin yana ƙara muni idan aka haɗa ƙarfi da sa'a. Idan bindigar da ke ba da fifiko ba ta da farashi tsayayye, sai dai a juya ƙafar sa'a ko a buɗe akwati, to an ɗaure buƙatar yin nasara da wani abu mai kama da caca. Mutane da yawa suna zaton idan damar samun abu kashi 1 ce cikin ɗari, buɗe akwati ɗari ya isa. Lissafi ya nuna cewa wanda ya buɗe ɗari cif yana da damar kusan kashi 37 cikin ɗari ta tashi hannu rabbana, kuma wanda ya riga ya zuba kuɗi mai yawa ya fi kowa wahalar tsayawa, domin yana ganin janyewa asarar abin da ya wuce ce. Hukumomi sun lura da wannan tuni. Japan ta haramta wani salo na tara kaya ta hanyar sa'a tun 2012. Sin ta wajabta bayyana yiwuwar samun kowane kaya daga Mayun 2017, Apple ya sa irin wannan sharaɗi a ƙarshen shekarar, Google ya biyo baya a 2019. A Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a na FIFA 18, Overwatch da Counter-Strike: Global Offensive sun saɓa wa dokar caca ta ƙasar. A Janairun 2024 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Koriya ta Kudu ta ci tarar kamfanin Nexon kusan won biliyan 11.6 saboda sauya yiwuwar samun kaya ba tare da sanar da masu saye ba. Waɗannan matakai sun fi mayar da hankali a kan sa'a da ɓoye bayani, ba su taɓa batun daidaiton fage kai tsaye ba, shi ya sa nauyin wannan ɓangare ya rage a wuyanku. Ga kuma kuɗin cikin wasa, lu'ulu'u ne ko zinare ko maki, wanda ake sayarwa a ƙunshin da da wuya ya yi daidai da farashin kaya, ta yadda kullum akwai ragowar da ba ta isa sayen komai ba sai an ƙara. Babba ma yakan rikice wajen mayar da shi kuɗin gaske a ƙwaƙwalwa, balle yaro ɗan shekara goma sha uku da abokansa ke yi wa dariya saboda bindigarsa ba ta da kwalliya.

Akwai kuma batun amana, wanda ba a sayen sa da talla. A 2017 aka ba kamfanin Activision takardar mallakar fasaha a Amurka kan wani tsarin haɗa 'yan wasa, wanda a cikin bayaninsa akwai haɗa sabon shiga da gwanin da ke riƙe da wani makami domin a kwaɗaita masa saye. Kamfanin ya ce bincike ne kawai kuma ba a sa shi a cikin wani wasa ba, ni kuma ba ni da dalilin ƙaryata shi. Amma ku dubi abin da labarin ya haifar. Daga lokacin da ɗan wasa ya san cewa kamfani yana cin riba daga faɗuwarsa, duk wani rashin sa'a sai ya zama abin zargi a wurinsa, ko da kuwa babu hannun kowa. Kamfanin da ba ya sayar da ƙarfi ya huta da wannan tuhuma, domin babu abin da zai ƙaru da shi idan wane ya faɗi.

Kada a ce babu wata hanyar rayuwa. Fortnite ya tara biliyoyin daloli da sayar da kayan ado da tikitin kaka (wanda ake saye domin samun kayan kowane zangon wasa) a yanayinsa na fafatawa. Counter-Strike yana sayar da fentin bindiga tun 2013, wasu ana cinikinsu da dubban daloli, amma harsashin mai fentin da na marar fenti illarsu ɗaya. Valorant ma haka yake a kan makamai. Ban kawo su domin in wanke su daga kowane laifi ba, tunda akwatunan Counter-Strike na cikin waɗanda Beljiyam ta hukunta, kuma a Disamban 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawarsa da hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, miliyan 275 kan bayanan sirrin yara, miliyan 245 kuma domin mayar wa mutanen da tsarin maɓallan saye ya sa suka kashe kuɗin da ba su yi niyya ba. Na kawo su ne domin sun tabbatar da abu guda, cewa mutane suna kashe kuɗi mai yawa da son ransu a kan abin da ba ya ƙara musu ko harsashi ɗaya, matuƙar suna ƙaunar wasan kuma sun yarda da shi.

Saboda haka roƙona gare ku shi ne ku cire duk abin da ke taɓa illar makami, saurin harbi, yawan jini, saurin gudu ko sauƙin ganin mutum daga jerin abubuwan sayarwa. Idan kuna ganin yin hakan lokaci ɗaya zai girgiza kasuwancinku, ku fara da yanayin hawan daraja, inda sakamako ke shiga tarihin ɗan wasa, ku kashe duk wani ƙari a can kamar yadda ake yi a gasa, kuma sabon jarumi ya shiga hannun kowa rana ɗaya ko kuma a hana shi shiga wannan yanayi har sai hanyar kyauta ta isa gare shi. Abin da ke ƙara ƙarfi kada ya sake shiga akwatin sa'a ko da na rana ɗaya ne. Ku rubuta farashin kowane kaya da kuɗin gaske a gefen lu'ulu'un, ku kuma fito ku faɗa a rubuce cewa tsarin haɗa 'yan wasa ba ya duba tarihin sayayyar kowa. Wanda kuma ya zaɓi ya ci gaba da sayar da fifiko, aƙalla ya rubuta hakan ƙarara a shafin sauke wasan, domin mutum ya san irin fagen da zai shiga tun kafin ya zuba watanni a ciki.

Ban manta da waɗanda suka riga suka saya ba, domin su ma ba su yi laifi ba, abin da aka baje a shago suka ɗauka. Idan za a cire ƙarin daga makaman da suka biya, adalci ne a ba su zaɓi tsakanin riƙe kwalliyar da kuma karɓar kuɗin cikin wasa daidai da abin da suka kashe, a kuma sanar da su makonni kafin ranar, kada su wayi gari su tarar an sauya musu kaya. Ni kaina ina cikinsu, kuma na amince a cire nawa tun a zagayen farko. Ƙanena har yanzu yana buga wasan, sai dai ya daina shiga yanayin daraja, ni da abokan da muke haɗa rukunin mutum huɗu kuma mun koma buga namu a ɗakin da muke iya kashe ƙarin da hannunmu. Ba na buƙatar ku amsa mini da wasiƙa. Zan duba bayanin sabuntawar kaka mai zuwa, a sashen daidaita makamai, in ga ko an taɓa wannan batu.

Naku cikin girmamawa,
Wani ɗan wasa da ya daɗe a fagenku